Digiri na Uku da Horon Masu Bincike a Ilmin Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi



Sa'ad da aka aiko mini da takardar gayyata, abin da aka nema shi ne in yi bayani a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam da abubuwan al'ajabin da ke cikinta. Na roƙi arziki a bar ni in karkata kaɗan, in yi magana a kan mutanen da ke binciken ƙwaƙwalwar, watau yadda ake horar da su har su kai ga digiri na uku, wanda 'yan jarida suka raɗa wa suna digirin digirgir. Dalilina kuwa shi ne, a cikin wannan zaure akwai samari da 'yan mata da ke shawarar ko za su ba da shekara huɗu ko biyar na ƙuruciyarsu ga wannan karatu, akwai kuma waɗanda fayil ɗin waɗannan yara zai biyo ta kan teburinsu, su sa hannu ko su tura shi kwandon jira. Ya kamata kowane ɗayansu ya san abin da ake saye da wannan lokaci da wannan kuɗi.

Bari in fara warware wata 'yar matsala ta harshe. Bahaushe yana ce wa hanyar jini jijiya, yana kuma ce wa abin nan mai tauri da ke hana tsoho cin nama jijiya. A wannan lacca, duk inda na ce jijiya ina nufin farin zaren nan da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka ya kai wa gaɓoɓi, sa'an nan ya komo da labarin zafi ko sanyi ko ciwo. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, kimanin kashi 2 cikin 100 ke nan na nauyinsa, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Shekaru da yawa littattafai suna cewa akwai ƙwayoyin jijiya biliyan 100 a cikinta, wannan marubuci ya kwafo daga wancan. Wata malama 'yar ƙasar Barazil, Suzana Herculano-Houzel, ta nemi inda aka samo lissafin, ba ta sami wanda ya ƙidaya ba. Sai ita da abokan aikinta suka narkar da ƙwaƙwalwa ta zama kamar kunu, suka ƙirga ƙwayoyin da ke cikin ɗan abin da suka ɗiba, suka auna da sauran, a shekara ta 2009 suka ba da adadin kimanin biliyan 86. To, a nan bambancin digiri na farko da na uku yake. Mai digiri na farko ya wadatar in ya riƙe abin da littafi ya faɗa. Mai neman na uku kuwa, ana horar da shi ne ya tambayi littafin inda ya samo, in bai gamsu ba ya tashi ya auna da hannunsa.

Wannan irin digiri ba daɗaɗɗe ba ne kamar yadda ake zato. Tushensa jami'o'in Jamus ne, musamman Jami'ar Berlin da aka kafa a shekara ta 1810 bisa ra'ayin Wilhelm von Humboldt, cewa koyarwa da bincike su zauna a ɗaki guda. Jami'ar Yale ta Amurka ta fara ba da shi a 1861, Oxford ta Ingila kuwa sai 1917. Shi kuma ilmin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi bai sami sashen kansa a Jami'ar Harvard ba sai 1966, a ƙarƙashin Stephen Kuffler. Kafin lokacin, kowa ta wata ƙofa ya shigo: wani daga likitanci, wani daga ilmin dabbobi, wani daga nazarin halayyar ɗan Adam, wani daga lissafi ko fiziks. Har gobe haka abin yake, saboda haka ɗalibin injiniya ko na likitancin dabbobi da ke saurarena kada ya ɗauka zancen bai shafe shi ba.

Mu a ƙasar nan ba baƙi ba ne ga karatun da ake ɗauka daga bakin malami. Almajirin zaure yakan zauna gaban malaminsa shekara da shekaru, in ya sauke littafi a ba shi ijaza, a jera masa sunayen waɗanda karatun ya biyo ta hannunsu. Duk wanda ya duba tarihin wannan fanni zai tarar da irin wannan salsala. A birnin Turin na Italiya an yi wani malamin ilmin sassan jiki, Giuseppe Levi, wanda uku daga cikin ɗalibansa suka sami lambar Nobel: Salvador Luria a 1969, Renato Dulbecco a 1975, da Rita Levi-Montalcini a 1986. John Eccles da Ragnar Granit sun zauna gaban Charles Sherrington a Oxford, kowannensu ya sami tasa daga baya. May-Britt Moser da Edvard Moser sun yi digirinsu na uku a Oslo ta ƙasar Norwe a hannun Per Andersen, suka gama a 1995, sa'an nan suka je Landan wurin John O'Keefe suka koyi yadda ake sauraron ƙwayar jijiya guda a ƙwaƙwalwar ɓera yana yawonsa. Da suka koma gida suka kafa nasu ɗakin bincike a Trondheim, a 2005 suka gano ƙwayoyin da ke auna wa dabba tazara da wuri kamar mai shata gona, a 2014 kuma aka raba musu lambar Nobel tare da malamin nasu na Landan.

Mene ne wannan abu da ke bi daga hannu zuwa hannu, wanda littafi ya kasa ɗauka? Ga misali. Akwai wata dabara da Erwin Neher da Bert Sakmann suka fito da ita a Jamus a 1976, ta auna 'yar wutar lantarkin da ke ratsa fatar ƙwayar jijiya. Ana jan bututun gilashi a wuta har bakinsa ya sirance ya kai kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ana cika shi da ruwan gishiri, a sauke shi sannu a hankali ƙarƙashin madubin ƙara girma har ya taɓa ƙwayar, sa'an nan mai aikin ya ɗan zuƙi iska ta wata siririyar roba, sau da yawa da bakinsa, domin fatar ta manne wa gilashin. In ya zuƙa da ƙarfi ƙwayar ta fashe, in ya yi sanyi ba ta kama ba. Bayanin dabarar duka bai fi shafi biyu ba, amma ɗalibi yakan yi watanni yana fasa ƙwayoyi kafin hannunsa ya faɗa, kuma abin da ke gajarta masa wahalar shi ne wani gwani da zai tsaya bayansa ya ce, "Dakata, ka ga ta fara lotsawa, yanzu." Maƙeri ya san wannan, haka marini da baduku. Saboda haka ne nake cewa digiri na uku a wannan fanni koyon sana'a ne, kuma jami'ar da ta ɗauki ɗalibi alhali ba ta da gwanin da ke aikin da hannunsa, ta ɗauki ɗan koyo ne a maƙerar da wutarta ta mutu.

Amma akwai inda kwatancen da na yi da zaure yake bukatar gyara. A ɗakin bincike ana renon ɗalibi ne domin wata rana ya iya nuna kuskuren malaminsa da hujja. Camillo Golgi ya gano hanyar rina ƙwayoyin jijiya da ruwan azurfa a 1873, ya kuma tsaya a kan cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke kamar raga ɗaya. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen ya ɗauki rinin Golgi ɗin nan, ya gyara shi, ya nuna da shi cewa kowace ƙwaya zaman kanta take, tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta ta wata mahaɗa. An haɗa su an ba su lambar Nobel a 1906, Golgi ya hau mumbari ya soki ra'ayin abokin rabonsa, amma gaskiya tana wurin Cajal. Shi kuma Eccles da na ambata ya yi shekaru yana jayayya cewa lantarki ne kai tsaye ke tsallaka mahaɗar, har gwajin da ya yi da kansa a 1951 ya ƙaryata shi, ya fito fili ya janye. Ina faɗin haka ne domin na ga ɗalibai a nan gida waɗanda sakamakon gwajinsu ya saɓa wa abin da malami ke tsammani, suka ɓoye shi wai don ladabi. Ladabi yana cikin yadda za ka gabatar da maganar, ka yi sallama ka rusuna in ka ga dama, amma lambobin ka kawo su yadda suka fito. Mu malamai kuma, in ɗalibi yana tsoron kawo mana abin da ba mu so ji ba, laifin namu ne.

Tsarin shekarun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ba kuwa zan daɗe a kansa ba. A Amurka akan yi shekara biyar zuwa shida. A shekarar farko ɗalibi yakan zaga ɗakunan bincike kamar uku, ya yi 'yan watanni a kowanne, kafin shi da malami su zaɓi juna, daga baya ya yi wata jarrabawa da za ta tabbatar da shi ɗan takara. A Ingila shekara uku ne zuwa huɗu. A nan gida sai an gama digiri na biyu, sa'an nan a yi aƙalla shekara uku, ko da yake kowa a zauren nan ya san wanda ya yi takwas. A ƙarshe akwai kundi, da kare shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. A Suwidin a bainar jama'a ake yi, har akan gayyato masani takanas wanda aikinsa a ranar shi ne ya yi jayayya da ɗalibin.

Abin da ba a rubutawa a takardar neman shiga shi ne halin da ɗalibi ke shiga a tsakiyar tafiyar. Darussa sun ƙare, ba mai ba shi maki, tambayar da ya ɗauko ta ƙi amsuwa, abokan karatunsa na dā sun yi aure sun sayi mota, gida kuma ana tambayarsa wai yaushe wannan boko zai ƙare. Yawancin gwaje-gwajen da zai yi ba za su haifar da kome ba, kuma haka sana'ar ta gada. A wannan lokaci ne yake koyon abubuwan da za su zauna masa har tsufa. Yana koyon rubuta kome a littafin aiki da kwanan wata, har da abin da ya lalace. Yana koyon ajiye rukunin kwatanci, watau dabbobin da aka yi musu kome da kome ban da abin da ake gwadawa. Yana koyon cewa ba a taɓa dabba sai da izinin kwamitin ɗa'a, da maganin kashe zafi, kuma ba a kashe goma inda biyar sun isa. Na tuna ranar da na kai wa malamina sakamakon da na yi murna da shi ƙwarai. Bai ce mini kome ba, sai ya karɓi gilasan da na ɗora yankakken naman ƙwaƙwalwa a kai, ya liƙe sunayensu da takarda, ya sa musu lambobin da shi kaɗai ya san ma'anarsu, ya ce in sake ƙirgawa. Da na ƙirga ban san wanne ne wanne ba, sai bambancin da na gani da farko ya ɓace. Ban yi niyyar ha'inci ba, idona ne ya ga abin da zuciyata ke so. Wata shida na aiki ya tafi a yammacin nan, kuma ban taɓa yin darasin da ya kai shi amfani ba.

Wannan ya kawo mu ga ilmin ƙididdiga, wanda ɗalibanmu ke gudu kamar maciji, su bari sai sun gama tara lambobi sa'an nan su kai wa wani ya juya musu a kwamfuta. A shekara ta 2009 wani matashin mai bincike a Amurka, Craig Bennett, da abokansa suka ba da rahoton wani gwaji na ban dariya. Sun sa mataccen kifi a na'urar da ke ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka nuna masa hotunan mutane, suka bi hanyar lissafin da wasu ke bi ba tare da gyara ba, sai ga wani ɗan wuri a kan kifin ya haska kamar yana tunani. Abin da suka so nunawa shi ne, in ka auna dubban wurare a lokaci guda, lalle wasu su yi daidai da abin da kake nema bisa katari kawai. A 2013 kuma Katherine Button da abokan aikinta suka duba ɗimbin binciken da aka buga a wannan fanni, suka tarar cewa saboda ƙarancin dabbobi ko mutanen da ake gwaji a kansu, matsakaicin bincike yana da damar kusan 1 cikin 5 ne kawai ta gano abin da yake nema, ko da abin yana nan da gaske. Manyan jami'o'in duniya ke nan, masu kuɗi da kayan aiki. Don haka shawarata ita ce a koya wa ɗalibi ƙididdiga da rubuta umarnin kwamfuta tun shekarar farko, kafin ya taɓa ɓera ko ɗaya.

Na san abin da ke zuciyar wasunku: wannan karatun masu hali ne, ina mu ina shi? Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Golgi ya gano rininsa a wani ɗakin girki na asibitin da yake aiki. Cajal ya sayi madubinsa na farko a 1877 da ɗan abin da ya tara sa'ad da yake likitan soja a Kuba. Rita Levi-Montalcini, da dokokin wariya na 1938 suka hana Yahudawa aiki a jami'o'in Italiya, a ɗakin kwananta ta ci gaba da bincike da ƙwan kaji. Misalin da ya fi dacewa da mu kuwa shi ne na ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba da mangwaro. Cikin kwana goma yake tashi daga ƙwai ya zama babba, ɗaruruwansa na rayuwa a kwalba ɗaya kan ɗan garin masara da sukari da yis, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo cuta ga ɗan Adam suna da takwarori a jikinsa. Wani ɗalibin digiri na uku a Kaliforniya, Ronald Konopka, yana aiki a ƙarƙashin Seymour Benzer, ya samo ƙudaje iri uku da agogon jikinsu ya karkace: na ɗaya kwanansa awa 19 ne, na biyu awa 28, na uku ba shi da tsari sam. Suka buga a 1971 cewa ƙwayar gado guda ce ta jawo duka ukun. A kan wannan tushe aka gina aikin da ya sami lambar Nobel ta 2017, wanda ya bayyana abin da ke sa mu barci da farkawa a kan lokaci. A 2024 an kammala taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan gaba ɗaya, ƙwayoyi kusan 140,000, kuma tana nan a intanet kyauta ga ɗalibin Sakkwato ko Damagaram kamar yadda take ga na Landan. Sai dai ina roƙon ma'aikatan baitulmali da ke nan kada su koma ofis su ce ai malamin da kansa ya ce ɗakin girki ya isa. Waɗancan mutane sun yi aikin ne duk da rashi, kuma waɗanda rashin ya kayar ba a rubuta sunayensu ba.

To, ina muka tsaya? A 2021 Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, tare da abokan aikinsa, suka buga nazarin da suka yi wa maƙaloli 5,219 da aka rubuta daga ɗakunan binciken Afirka a wannan fanni tsakanin 1996 da 2017. Ƙasashe biyar, Masar da Afirka ta Kudu da Nijeriya da Maroko da Tunisiya, su suka samar da kimanin kashi uku cikin huɗu. Sun kuma nuna cewa amfani da sababbin dabaru da ƙananan halittu irin ƙudan nan kaɗan ne ainun, kuma a yawancin sassan nahiyar daga waje kuɗin binciken ke zuwa. Ni kuma zan ƙara da abin da idona ya gani a kundayen da nake dubawa. An jiƙa ganye ko saiwa, an ba ɓeraye, an yanka ƙwaƙwalwarsu an rina, an ce an ga sauyi. Wani ɗalibin ya zo ya sake ganye, sauran kundin kuwa kamar an buga da hatimi. Ban raina magungunan gargajiya ba, akwai arziki a cikinsu. Amma sai an ci gaba an tambaya: wane sinadari ne a cikin ganyen, a wace ƙwaya yake aiki, ta wace hanya, nawa ne ke warkarwa, nawa ne ke kisa? Wanda ya tsaya kafin nan ya sami takarda, horon kuwa bai samu ba.

Alhali tambayoyin da suka cancanci kundi suna kwance a ƙofar gidajenmu. Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan, wanda ya rasu a 1995, ya nuna mana hanya. Ya lura da marasa lafiya, da yawansu daga yankin Ijebu, masu tangaɗi in suna tafiya, ƙafafunsu sun mutu, ganinsu da jinsu sun raunana. Bai tsaya a asibiti ba, ya bi su ƙauyukansu ya ga abin da suke ci, ya auna jininsu, ya kwatanta da mutanen wuraren da cutar ba ta yawaita ba, ya danganta ta da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa sosai ba, ga mutanen da kusan shi kaɗai ne abincinsu. A kan wannan ya rubuta kundinsa na digiri na uku a 1969. Masana na ci gaba da muhawara kan rawar da ƙarancin abinci mai gina jiki ke takawa a cutar, amma duk mai magana a kanta a duniya sai ya bi ta kan aikinsa. A nan Arewa, annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda ke tsira daga wannan ciwo akwai masu tashi da kurumta ko raunin fahimta. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, kuma yadda dalmar ta shafi karatunsu da halayensu tambaya ce da ta isa kundi goma. Ga farfaɗiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutum kimanin miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai, amma a garuruwanmu ana gudun yawun mai ita. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kan yara su sume. An kuma riga an nuna cewa ana iya aiki mai nauyi a nan: gwajin da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, aka buga a 2022, ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki kamar yadda matsakaicin awo ke yi. Ba zan manta da gafiya ba, wadda muke farauta da sanda. A Tanzaniya an horar da 'yar'uwarta tana sansano nakiyoyin da aka binne da tarin fuka a cikin majina, kuma malaman likitancin dabbobi a Zariya da Ibadan sun yi rubuce-rubuce a kan ƙwaƙwalwarta.

Yanzu ga maganata da ku ma'aikatan gwamnati, kuma ku gafarce ni in ta yi ɗaci. Shekarar da na komo gida na kawo samfurori da na yi shekara biyu ina tarawa, waɗanda dole su zauna cikin sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Aka ɗauke wuta ranar wata Juma'a da yamma. Man janareta ya ƙare, takardar sayen wani kuwa tana jiran sa hannun mutumin da ya yi tafiya. Ranar Litinin na buɗe firiza na tarar da ruwa. Ba wanda ya yi mugunta, kowa ya bi ƙa'ida, amma kuɗin da gwamnati ta kashe a kaina shekara huɗu, wani kaso nasa ya narke a kan man da bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba. Mun saba da kasafin da ke gina bene a sa masa suna, a sayi babbar na'ura a kira 'yan jarida. Bincike kuwa da ƙananan kuɗi masu zuwa a kan kari yake rayuwa: abincin dabbobi na kullum, sinadaran da ke lalacewa in sun yi mako biyu a hannun kwastan, gyaran na'ura, da albashin ƙwararren ma'aikacin ɗakin bincike, wanda sau da yawa shi ne ainihin mai koya wa ɗalibi aikin hannu. In za ku tura mutum waje, ku rubuta a cikin takardar tun ranar tafiyarsa abin da zai tarar ranar komowarsa, ko da ɗan kuɗin fara aiki ne na shekara biyu da ragin azuzuwan da zai koyar. Yarjejeniyar da ke tilasta masa komowa tana iya dawo da jikinsa, amma in ya yi shekara uku bai taɓa madubi ba hannun ya tafi, kuma ɗaliban da zai yaye za su gaji takarda ne kawai. Hakanan a wajen ƙarin girma, muddin ƙirga maƙaloli ake yi ba karanta su ba, malami zai yanka aiki ɗaya gida biyar ya koya wa ɗalibinsa yin haka. Akwai abin koyi kusa da mu. Tun 2011 ƙungiyar TReND ta fara koyar da malaman jami'o'in Afirka bincike da ƙwari a Yuganda, a 2021 kuma aka buɗe cibiyar bincike da horo ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu da goyon bayan gwamnatin jihar, inda ɗalibai daga wurare dabam dabam ke zuwa su sa hannu a kan na'urorin da dā sai an ƙetare teku ake ganinsu.

Ku kuma ɗalibai, in kun ƙudura niyya, ku bincika malami fiye da yadda kuke bincika sunan jami'a. Ku karanta abin da ya buga cikin shekara biyar da suka wuce, ku ga ko tambayarsa ta kama zuciyarku, domin da ita za ku kwana ku tashi. Ku nemi tsofaffin ɗalibansa a bayan idonsa, ku tambaye su shekara nawa suka yi, kwana nawa babi ke yi a teburinsa kafin ya dawo da shi, sunan wa ke fara zuwa a kan maƙala, kuma ina suke yanzu. Mata su tambaya ƙarara yadda ake yi in haihuwa ta zo a tsakiyar karatu. Ku tabbatar da inda kuɗin abincinku da na gwajin zai fito kafin ku ajiye aikin da ke hannunku. Sa'an nan ku roƙa a kai ku ɗakin binciken da kansa, ba ofis ba, a ranar aiki ba tare da shiri ba, ku duba ko akwai ƙura a kan madubin, ku kuma sa hannu a jikin firiza ku ji ko tana aiki.

Malam Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.